Layin da Baffa Ya Ja da Diddige

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, Baffa dai ya riga mu. Ranar Talata bayan la'asar aka kai shi makwancinsa a nan Wurno, ni kuwa ban samu sallarsa ba. Ina rangadi a ƙauyukan Goronyo, ina duba gonakin gwaji na En'e, wato hukumar gargajiya, sai da aka kwana biyu ɗan aike ya same ni. Na taka keke kamar zan karya shi, na iso na tarar da zaure cike, har an shimfiɗa tabarmi a bakin hanya.

Na yi sallama na shiga zauren. Ba wanda ya ce mini komai sai gaisuwar da aka saba, amma na san abin da ke cikin kowa. Duk unguwar an san shekara shida ke nan Baffa bai shiga gidana ta ƙofa ba, alhali shi ya rene ni, shi ne ƙanin mahaifina, kuma shi ne maginin da ya gina rabin ɗakunan da mutanen nan suke kwana a ciki.

Na samu wuri na rakuɓe ina saurare. Liman yana cewa da aka zo rufe kabari sai aka yi cirko-cirko, don shekara da shekaru Baffa ne ke cuɗa ƙasar da ake liƙe itacen kabari da ita, ba wanda ya taɓa tunanin ranar da za a cuɗa tasa. Wani dattijo da ya zo a kan jaki tun daga Rabah ya ce soron da Baffa ya gina wa ubansa har yau bai taɓa ɗigo ba. Wani maƙwabci, wanda bakinsa ba ya iya shiru ko a gidan mutuwa, ya ce, "Mutumin kirki na, amma wallahi ba a taka shi a kwana lahiya." Aka yi ɗan murmushi aka sunkuyar da kai, ba wanda ya musa.

Cikin gida Gwaggo, ƙanwar Baffa da mahaifina, ta riƙe hannuna tana kuka. Ta ce, "Ko ya tahi da hushinai, ko ya aje shi, Allah kaɗai yas sani." Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarma da ƙafarta mai ciwo a miƙe, idonta a bushe. Ta dube ni ta ce, "Ka iso? In ka gama gaisuwa ka tahi gidanka ka gani." Ban tambaye ta abin da zan gani ba, don a lokacin kaina ba ya ɗaukar tambaya.

Ina so in rubuta yadda Baffa yake tun kafin mu da muka san shi mu bi shi. Ba zan yi masa ado ba. Shi kansa ba ya son yaɓen da aka yi don a ɓoye tsaga.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kuwa ko ƙaya ba ta shiga. Ina ƙarami mahaifina ya rasu, Baffa ya haɗa ni da 'ya'yansa bai bambanta ba. Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, mutane na ɓoye nasu a rumbu, shi ya kama hannuna ya juya shi ya ce, "Hannun ga ba na laka ba na. Ku tahi da shi, kila can a samu abin da shika iyawa." Tun daga ranar, har na gama Midil a Sakkwato, har na zama malamin gona, bai kira ni da wani suna ba sai Mai Takarda.

Yana da hanyarsa ta aiki, kuma ba sarki ba talaka, ba ya canza ta. In aka kai shi fili, zai tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina, wani lokaci ya ɗan taɓa a harshe. Sannan ya ce wa mai filin, "Sai na ga damina bisa gare shi." Ko tubali ɗaya ba zai aza ba sai ruwan shekara guda ya sauka a wurin yana kallo. Da hadari ya haɗu, kowa na gudu gida, shi sai ya ɗauki malafarsa ya fita. Za ka gan shi tsaye a kangon wani, ruwa na dukansa, yana bin inda ruwan ke gangarawa da inda yake kwanciya. Yara na cewa Baffa yana hira da ruwa. Shi kuwa yakan ce, "Ruwa shi na sarkin magina. Ni wakilinai na kawai."

In damina ta yi nisa ya gamsu, sai ya tuɓe takalmi ya yi bisimilla, ya ja layin ɗaki a ƙasa da diddigensa. Ba igiya, ba sanda. Taku kaza nan, taku kaza can, kuma in ka auna daga baya ba za ka samu kuskure ba. A gidanmu al'ada ce, duk ɗan da zai fita ya kafa nasa gida, Baffa ne zai ja masa layin farko, a dama fura a yi sadaka. Wannan layi shi ne albarkar gidan. Ya ja wa 'ya'yansa uku, ya ja wa 'ya'yan Gwaggo.

Alherinsa ma da faɗa yake zuwa. Kowace shekara kafin ruwan fari zai zaga gidajen matan da mazansu suka mutu, ya hau rufi ba tare da an kira shi ba, ya toshe tsaga, ya gyara indararo, yana yi yana mita. "Wa yab bar ciyawag ga ta hito bisa soro? Jira kuke ta yi 'ya'ya ku girbe?" In an kawo masa goro ya ce a kai wa mai haƙori. Da Inna kuwa, kasancewarta matar wansa, wasa ne tsakaninsu har tsufa. Tana ce masa Sarkin Laka, yana ce mata Tsohuwa, ko da yake ya girme ta.

To, ga yadda na ɓata.

Inna tana da tari mai tsanani tun ina yaro. Ɗakinta na gidan gado irin na da ne, ƙofa ɗaya, ba taga, hayaƙi ya maida azarar rufin baƙa ƙirin. Malamin asibiti ya ce mini abin da take buƙata iska ce da haske. Ni kuma aikina ya sa na shiga gidajen bariki, na ga ɗakuna masu tagogi biyu da iska ke ratsawa. Da mai gari ya ba ni fili a bakin unguwa, sai na ƙudurta zan yi wa Inna irin wannan ɗaki, kuma a ranin nan zan yi shi, ba zan jira wata damina ba. Ban ce niyyata mummuna ba ce. Amma in zan faɗi gaskiya, ba tarin Inna kaɗai ke raina ba. Ina so Di'o, Baturen mulki, in ya zo rangadi ya ga gidan malamin gona ya gyaɗa kai.

Na tafi Sakkwato wurin wani malamin zanen gine-gine, wanda ya koyi aikin a hannun wani Bature injiniya. Mutum ne mai natsuwa. Na faɗa masa tsawon filin da faɗinsa, na kai masa buhun albasa, bayan mako biyu ya miƙo mini takarda mai kyan gaske. Ga zaure, ga ɗakina, ga madafa, ga babban ɗakin Inna a kusurwar yamma da tagoginsa biyu. Da zan tafi ya riƙe gefen takardar bai saki ba, ya ce, "Malam, ni ban ga hilin ga ba, abin da kag gaya mani shi niz zana. Ka kai ma maginin garinku shi duba. In yac ce a matsa da ɗaki, a matsa. Ya hi ni sanin ƙasarku." Na ce to. Wannan magana ban taɓa faɗa wa kowa ita ba sai yau da nake rubuta ta.

Ranar da na tara dangi a filin, an dama fura, kowa ya ɗauka Baffa aka kira ya fara duba wuri. Sai na zaro takarda na shimfiɗa, na danne gefunanta da duwatsu, na shiga bayani kamar ina gaban 'yan aji. Baffa ya saurara har na gama. Ya ce a nuna masa inda ɗakin Tsohuwa zai zauna. Na taka na nuna masa kusurwar yamma. Ya tsaya yana kallon wurin, ya daɗe.

Ya ce, "Kusurwag ga ba ta ɗaukar gini."

Na ce, "Baffa, wanda yay yi zanen ga ya yi karatun abin."

Ya ce, "Ya zo nan?"

Nan ne ya kamata in faɗi abin da malamin zane ya ce. Amma ga abokan aikina biyu tsaye da na gayyato, ga ƙannena suna kallo. Na ji kunya a ce takardar da na ɗauko tun daga birni tana jiran izinin tsohon da bai san bihim ba. Sai na ce, "Zamani ya canza, Baffa. Yanzu ba da ƙahwa aka auna gida ba. In kana iya bin takarda, bismilla. In ba ka iyawa, a samu mai iyawa."

Baffa ya riga ya tuɓe takalmi ɗaya. Ya sunkuya ya maida shi, ya ɗaure a hankali. Ya ce, "To, Mai Takarda. Allah shi sa albarka." Ya juya ya tafi, bai sha furar ba. Gwaggo ta bi ni har gida da zagi, Inna ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Ni kuwa na ce a raina tsufa ne, zai huce.

Ba maginin Wurno da ya yarda ya taɓa aikin, don duk a hannunsa suka koya. Na ɗauko wani daga nesa, baƙo, mai biyayya, wanda duk abin da takarda ta ce shi yake yi. Ba na ɗora masa laifi. Da yana haƙa tushen kusurwar yamma ya ce mini ƙasar tana da laushi kuma baƙa ce, na ce ya ƙara zurfi kaɗan ya ci gaba. Kafin ruwan fari gida ya tashi, an shafe shi da makuba, mutane na zuwa kallon tagogi. Da ƙyar na shawo kan Inna ta tare.

Abin da ya ƙara mini girman kai shi ne, tarin nata ya yi sauƙi ƙwarai. Damina ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ɗaki yana nan. Ina zuwa gaida Baffa duk Juma'a, yana amsawa, yana tambayar iyali, amma ko sunan ɗana da aka yi a gidan a bakin hanya ya tsaya ya yi addu'a ya koma. Wani lokaci in ana ruwa maiɗakina takan ce ta hango shi tsaye gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke fuskantar bangonmu na yamma. Na ce mata halinsa ne, ruwa yake kallo. Inna ma ta taɓa ce mini Sarkin Laka ya tare ta a hanyar gidan biki ya ce ta ja gadonta gefen gabas. Ta ja don kada ya yi mita. Muka yi dariya.

A damina ta uku aka yi ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Rana ta biyu bayan azahar ina ofis, Inna ta kishingiɗa a gadonta. Kusurwar yamma ta nutse, bango ya buɗe, rabin rufin ya zubo. Maiɗakina ta ce kafin ta gama salati ta ga Baffa a cikin ɗakin, ta inda bangon ya faɗi ya shigo, yana tonon laka da hannu yana kiran "Tsohuwa! Tsohuwa!" Inda gadon yake a da, ƙasa ta kai ƙugun mutum. Inda ta ja shi, azara ɗaya ce ta faɗo mata a cinya. Shi ya ɗaga azarar, shi ya goya ta a bayansa, tsoho da shi, har gidan gado. Da na iso a guje na tarar maɗori yana ɗaure ƙafar. Ƙafar nan ba ta koma daidai ba har yau.

Washegari da hantsi ya aika a kira ni zaurensa. Na tafi na shirya wa zagi, har ina fatan ya zage ni. Na same shi zaune, yatsunsa duk sun fashe. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Wurin nan kududduhi na. Ni da ubanka munka haƙa shi muna samari, nan munka ɗebi ƙasad da anka yi gidan ga. Daga baya anka cika shi da shara hay yab bace. Duk wanda yas sani ya mutu, sai ni."

Na ce, "Baffa, ai ka hwaɗi. Ni na ƙi ji."

Ya ce, "Ban hwaɗi ba. Na ce ba ta ɗaukar gini, ban ce don mi ba. Da na ce rami na, ko kai da taurin kanka da ka tsaya." Sannan ya ci gaba. "Damina ukku ina tsaye gindin bedi ina kallon bangon nan. Na ga tsaga tun bara. Na ce ma Tsohuwa ta ja gado. Rabin magana ke nan. Rabin kau na riƙe shi don kai, ina jiran ka zo ka tambaye ni. Da ta mutu, mi za ni ce ma wana?"

Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar. Ya buɗe mini cikinsa gaba ɗaya, ya ɗauki laifin da ya fi nasa ya aza a kansa. Ni kuma ina zaune da nawa rabin maganar a baki. Da na ce masa, Baffa, mai zanen ma cewa ya yi a kawo maka ka duba, ni na ɓoye, da na sauke masa rabin kayan. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Ƙaddara ta, Baffa." Wannan ita ce ƙarya mafi muni da na taɓa yi, ko da yake kalmar gaskiya ce.

Tun daga ranar bai sake jan layi wa kowa ba. Masu fili su zo, ya tura su wurin babban magajinsa a sana'a, wanda shi ma furfura ta fara kama shi. Yakan ce maginin da ya ga tsaga ya yi shiru ya tashi daga magini. Rufin gwauraye dai bai daina hawa ba, sai dai mitar ta ragu, har wata tsohuwa ta ce ita ta fi son lokacin da yake zaginta.

Na kwashe ɓaraguzan ɗakin, na ja danga a wurin. Na roƙi Inna ta dawo in ba ta ɗakina. Ta ce, "Ba ni ƙara kwana ɗakin da ƙahwas Sarkin Laka ba ta auna ba." Ta zauna a tsohon ɗakinta mara taga, tarin ya dawo, kowace shekara yana ƙaruwa. Ina jin sa tun daga zaure in na je gaisuwa. Abin da ya rage mini ke nan, ko Baffa ya ja layi uwata ta dawo gidana, ko ta ƙarasa kwanakinta a cikin hayaƙi saboda ni.

Shekarar farko kunya ta hana ni tambaya. Ta biyu na aika Gwaggo, ya ce mata shi ya aje aiki. A ta uku, da bazara, na tafi da kaina. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa na ce, "Baffa, na zo ka ja mani layi." Na yi niyyar in haɗa da ɗaya maganar, wallahi na yi niyya, har na tsara ta a hanya. Ya dube ni ya daɗe, har na ga kamar bakinsa zai yi murmushi.

Ya ce, "Ina takarda?"

Na ce, "Tana cikin akwati."

Ya ce, "Sai na ga damina bisa gare shi."

Murna ta rufe ni, na ce a raina sauran maganar na faɗa masa ranar da za a dama fura. Duk daminar bana, in hadari ya taso, yana gindin bedi da malafarsa da sandarsa, don yanzu sai da sanda. Na fita na ce ya shigo zaure ya fake, ya ce daga nan ya fi gani. Da damina ta zo ƙarshe aka tura ni Goronyo. Na je sallama ya ce, "Tahi abinka. Saura ruwa guda nika jira."

Wannan shi ne ganina da shi na ƙarshe.

Da na fito daga gidan makoki na bi maganar Inna na nufi gida. Maiɗakina ta tare ni a tsakar gida, ta ja ni gefen arewa, inda muke ɗaure awaki. An kwashe awakin. An shimfiɗa zana a ƙasa, an kewaye da ƙaya. Ta ɗaga zanar.

Layi ne, an ja shi a cikin laka tana ɗanya, rana ta gasa shi ya bushe kamar kasko. Ɗaki ne mai faɗi, kusurwa huɗu. A bangon kudu layin ya yanke ya bar gurbi, a bangon arewa ma haka. A kusurwa ɗaya, inda ya tsaya ya huta, ga sawun ƙafarsa cikakke, har da yatsu biyar.

Ta ce kwana uku bayan tafiyata aka yi ruwa mai ƙarfi da hantsi. Yana gindin bedi tun farkonsa har ƙarshe. Da aka ɗauke sai ta ji sallama a zaure. "Ta ƙohwa yas shigo, Malam," in ji ta, ta maimaita mini har sau biyu. Rigarsa na ɗiga, jikinsa na rawa. Ta ce ya bari ta hura wuta, ya ce a bari ƙasa ba ta jira. Ya zaga gidan, ya tsaya nan, ya tuɓe takalmi ya yi bisimilla ya ja. Da ya zo wurin gurbin nan ya ce mata, "Nan taga, can taga. Tarin Tsohuwa ya yi sauƙi da su, wanga ban musa ba."

Sai ya ce ta ɗauko masa takardar. Ta buɗe akwatina ta kawo. Ta ce ya daɗe yana kallonta, yana bin zanen da yatsa. Sannan ya ce, "Mai zanen ga hannunai na da tsabta. Da ya zo ya ga hilin, da bai aza ɗaki bisa rami ba. Da ma an haɗa mu." Ya naɗe ta da kyau ya miƙa mata. Ta dama masa fura ya sha, ya ce a gaida Mai Takarda.

Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, ya sauka a ƙirji. Kwana takwas ya yi.

Na zauna a ƙasa gaban layin nan na yi kukan da ban yi a zaure ba. Da ma an haɗa mu. Mutum biyu, kowanne ya san abin da ɗayan bai sani ba, kowanne kuma a shirye yake ya saurari ɗan'uwansa, ni na tsaya a tsakani na ce sai dai a zaɓi ɗaya. Ba wanda ya sa ni zaɓen nan. Ƙafar Inna ta tafi a kai, sana'ar Baffa ta tafi a kai, ruwan da ya kwantar da shi ma a kan gidana ya sha shi. Mutane suna ce mini in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na sani, na kuma yi imani. Amma ya tafi yana ɗauka shi kaɗai ya riƙe rabin magana.

An yi sadakar arba'in makon jiya. Magajin nasa ya zo ya duba layin, ya taka shi da ƙafa ta gefe, ya ce ba abin gyarawa, tubali ma ya sa an fara yi. Ya ce ranar da na shirya za su sa diga. Na ce su ɗan dakata. Ya koma ya dawo, na ce su ƙara dakatawa. Abin da ban iya gaya masa ba shi ne, tushen gini a kan layi ake haƙa shi. Sara na farko zai cinye diddigen Baffa, na biyu ya cinye sawun. Duk duniya ba abin da ya rage da siffar jikinsa sai wannan, kuma kullum da safe nakan ɗaga zana in duba.

Jiya Inna ta aika a kira ni. Tana tari, sai da ta huta sannan ta iya magana. Ta ce, "An ce ka hana a taɓa wurin." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ruwa yad dake shi don shi ja ma ɗaki, ba don ka samu abin kallo ba. Ka hana shi aiki da rai, za ka hana shi kuma bayan ya mutu?"

Na aika wa magina su zo gobe da safe. Na roƙe su abu ɗaya, su bar mini saran farko, ko da hannun nawa ba na laka ba ne. Shi ya sa na zauna yau na rubuta wannan, don daga gobe ba sauran sawu, sai abin da takarda ta riƙe. Na san da yana nan da ya ce, Mai Takarda dai ba ya jin magana.

Allah Ya gafarta wa Baffa rabin maganar da ya riƙe, Ya gafarta mini nawa. Ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi masa sauƙi, Ya yalwata masa ɗakin da yake ciki yanzu, Ya buɗe masa taga.